Bakin kilarinet: na gilashi ko na roba?

Ɗan'uwa, ka ce kana busa kilarinet, wato wata irin sarewar Turawa, da bakin B45 na kamfanin Vandoren, kuma zuciyarka ta karkata ga na gilashi, wato kiristal, don ka ji ana yabon muryarsa. Bari mu jera su.

B45 ɗinka ebonait ne, robar da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri. Ba shi da nauyi, kuma sau da yawa idan ya faɗi yakan sha. Matsalarsa tsufa. Haƙora na cin samansa, rana da ruwan zafi na mayar da shi kore-kore, gefunan da harshen kara, wato ɗan siririn karan da ke karkarwa ya ba da sauti, ke kwanciya a kai kuma suna cinyewa a hankali. Na gilashi bai san wannan ba. Yadda ka saye shi haka zai zauna shekara da shekaru, wanki kuwa ruwa da sabulu sun isa. Amma ya suɓuce ya daki siminti, shi ke nan, sai sayen wani. Ya kuma fi nauyi, kuma da sanyin hunturu raɓar numfashi ta fi taruwa a cikinsa kafin ya ɗumama.

Batun murya nan ne nake so ka nutsu. Gaskiya ne Pete Fountain, gwanin jaz na New Orleans a Amurka, da bakin gilashi ya yi suna, kuma kamfanin Pomarico na Italiya har yanzu yana ƙera su. Masu busa shi sukan ce muryar ta fi kauri da taushi. Ni dai a ganina yankan bakin ya fi gilashin tasiri: faɗin gibin da ke tsakanin leɓensa da harshen kara, da tsawon gangaren, da girman kogon ciki. Dubi Vandoren kansu. Gibin B45 milimita 1.195 ne, na wani bakinsu mai suna 5RV kuwa 1.065, duka roba ne, amma busa su ba ɗaya ba, har ƙarfin harshen da suke so ya bambanta.

Sannan na roba inji ke yanka shi, shi ya sa biyu masu lamba ɗaya ba sa yin nisa da juna sosai. Na gilashi aikin hannu ya fi yawa a kansa, sai ka tarar ɗaya ya buɗe, ɗan'uwansa ya toshe. Kada ka saye shi ido rufe, ka busa biyu ko uku ka duba daidaiton sautin. Ka manna masa faci a sama, don haƙori kan gilashi ba daɗi, ka kuma nemi maɗaurin harshen kara na fata ko na zare, na ƙarfe yakan zame.

Idan faretin fili kake yi kuma baki ɗaya gare ka, riƙe B45 ɗinka. Na gilashi ya zama na biyu, na busa a zaune cikin ɗaki.