Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar: wanne za a fara karanta wa ɗalibai a kan abota?

Wata malama ta yi tambaya cewa tana da ƙungiyar karatu ta 'yan aji huɗu na sakandare a nan Sakkwato, tana son littafin Hausa na da wanda zai nuna musu yadda aboki ke sa mutum dariya ya kuma taimake shi jure wahala, kuma ta rasa wanda za ta ɗauka tsakanin waɗannan biyu. Malama, kowanne rabin buƙatarki yake biya.

Tushensu ɗaya. Dukansu sun fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka buga su a 1934. Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, kuma a ta Bauchi. Daga nan suka raba hanya.

In dariya ake nema, Ruwan Bagaja ne. Sai dai Alhaji Imam, jarumin labarin, da abokin karawarsa Malam Zurƙe ba aminai ba ne yadda yara suka san aminci. A tafiyar da Alhaji Imam ya yi ta neman Ruwan Bagaja, wani ruwan magani, haɗuwarsu duk a kan ramuwar gayya take: yau wannan ya kunyata wancan, gobe a wani gari wancan ya rama. Dubi inda Alhaji Imam, da ba shi da karatun kirki, ya yi zane a ƙasa ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya kawo sunan harafi, shi kuwa ya ce ai tsayuwar wata ce ya zana, mutanen gari suka bi bayan jahili suka kori mai ilimi. Wannan wurin a karanta shi da murya, a ba yara biyu su raba maganar. Abin da ke ɓata darasin shi ne malami ya tsaya yanke wa Alhaji Imam hukunci a kan ƙarya da zamba, sai ajin ya yi tsit, daɗin ya tafi. A bar su su yi dariyar tukuna, sannan a tambaye su: me ya sa mai karatu ke ɗokin sake ganin Zurƙe duk sanda ya ɓace? Yaran Sakkwato ba za su sha wuyar amsa ba, sun san wasan Gobirawa da Yarbawa, inda tsokana ita ce alamar kusanci.

Shaihu Umar ba shi da wannan raha ko kaɗan. Labarin zamanin cinikin bayi ne. An yi wa Makau, mijin uwar Umar, ƙazafi a fada an kore shi, an sace Umar yana ƙarami, daga baya ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, wanda ya riƙe shi kamar ɗansa ya kai shi garinsu Ber Kufa ya sa shi karatu. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita har Tarabulus, suka haɗu tana dab da rasuwa. Juriyar tana nan fal. Amma kada a ce wa yara Abdulkarim abokin Umar ne. Uban riƙo ne, kuma alherinsa ya zo ne a cikin tsarin da ya raba yaron da uwarsa. Ɗalibi mai kaifin hankali zai tayar da wannan, kuma gara malama ta riga shi.

Shawararmu, a fara da Ruwan Bagaja, zama huɗu na minti 40 sun isa, don babi-babi ne da kowanne ke tsayawa da ƙafarsa, wanda ya yi fashi ba zai ɓace ba. Shaihu Umar kuwa zare ɗaya ne, kuma labarin yakan bar Umar ya koma kan uwarsa, nan ne yara ke rikicewa. A zana taswira a allo tun zaman farko, Kagara garin su Umar, Kano, Murzuk, Tarabulus, a ja hanyar Umar da alli fari, ta uwarsa da wani launi. A kuma duba kwafin da za a saya a kasuwa: akwai na wasan kwaikwayo da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara, shi ma sunansa Shaihu Umar, amma ba shi ne ƙagaggen labarin ba.