Kai kaya kyauta ko lambar ragi: wanne ya fi wa mai sayarwa a intanet?

Wata baiwar Allah ta taɓa ɗaukar kusan awa guda muna magana a WhatsApp kan abaya biyu. Ta nemi hoto a cikin ɗaki, ta nemi hoto a rana, ta tambayi tsawon hannu, muka yi ciniki har na sallama mata. Sai ta ce, "Hajiya, nawa ne zuwa Gombe?" Na faɗa mata kuɗin mota. Ta karanta saƙon, kuma daga ranar ban sake jin ɗuriyarta ba. Kuɗin motar bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kayan ba, amma shi ya kashe cinikin.

Duk mai sayar da kaya ta waya ya san wannan shirun. Kwastoma ta riga ta tsayar da farashi a ranta, ta lissafa abin da ke asusunta, sai a ƙarshe a ɗora mata wani kuɗi da ba ta shirya masa ba. Ba yawansa ne ke ɓata mata rai ba, zuwansa a makare ne. Shi ya sa idan 'yan'uwa masu sana'a suka tambaye ni irin garaɓasar da za su yi kafin azumi ko Sallah, ba na ɓoye ra'ayina. Na gwada ragi kai tsaye, na gwada lambar ragi wadda wasu ke kira kupon, wato lambar da mai saye zai kawo a rage masa kuɗi, na gwada rabon kyauta, kuma babu wanda ya riƙe ni kamar kai kaya kyauta ga wanda sayayyarsa ta kai wani adadi.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Idan kin sayi mudu biyar na shinkafa, mai awo ba ya rage miki farashin mudu, gyara yake yi miki, ya ƙara hannu ɗaya. Ke kin tafi da farin ciki, shi kuma farashinsa na nan daram, gobe ba za ki dawo ki ce ai jiya a kaza ya sayar miki ba. Kai kaya kyauta gyara ne. Ragi kuwa taɓa farashi ne, kuma farashin da ya sauka sau ɗaya da wuya ya koma inda yake a idon mai saye. Turmin atamfar da kika sayar da ragin kashi 15 cikin ɗari a watan Sha'aban, bayan Sallah za a ce miki kin ƙara kuɗi, alhali farashinsa na asali kika koma.

Manyan kamfanonin Amurka sun daɗe da gano wannan. Tun 2002 Amazon ya fara kai kaya kyauta ga wanda ya yi sayayyar da ta kai wani adadi, har ya sauko da adadin zuwa dala 25, sannan a 2005 ya fito da Prime, inda a lokacin mutum ke biyan dala 79 a shekara a riƙa kawo masa kaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai dai su suna da rumbunan ajiya da motocinsu, mu kuwa tasha muke da ita da direba. Kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin aika saƙo bai sake zama wuri ɗaya ba. Don haka wanda ya rubuta "muna kai kaya kyauta ko'ina a Najeriya" ba tare da sharaɗi ba, garin neman gira zai rasa ido.

Ga yadda nake lissafin, ki sa naki alƙaluman a ciki. A ce yawancin masu saye a wajenki suna tsayawa a kan naira 20,000, kuma ribarki rubu'i ce, wato 5,000. A ce kuɗin mota 3,500 ne. Idan kin ɗauki nauyin kai wa kowa, abin da ya rage miki 1,500 ne, kafin ki cire leda da kwali da kuɗin adaidaita zuwa tasha. Wahalar banza ke nan. Amma idan kin ce sai sayayya ta kai 35,000, ribar ta zama 8,750, a cire 3,500 saura 5,250. In ta Paystack aka biya, wato kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet, su ma za su cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, wato 625, ki tsira da 4,625. Kusan ribarki ta da ce, amma kin fitar da kaya masu yawa, jarinki ya juya da wuri, kuma cinikin da zai mutu a bakin kuɗin mota ya tabbata.

Wani abin da ya sa na fi son kai kaya kyauta shi ne asarar tana da iyaka. Ragin kashi 10 cikin ɗari a kan odar 35,000 zai ci miki 3,500, daidai da kuɗin mota. Amma ranar da wata ta zo haɗa lefe ta yi sayayyar 200,000, ragin zai ci 20,000, alhali kuɗin motar ko ya ƙaru ba zai kai rabin hakan ba. Ragi yana girma tare da odar, kuɗin mota kuwa yana bin nauyi da nisa ne kawai.

Adadin da za ki tsayar kada ya yi nisa da abin da mutane suka saba saye. Ki duba littafin cinikinki na wata uku, ki ga inda yawancin oda ke tsayawa, ki ɗaga kaɗan. Sannan ki tanadi ƙananan kaya na cike gibi: kwalbar humra, ɗankwali, ƙaramin hijabi, kwalli. Idan kuɗin kwastoma ya tsaya a 31,000, sai ki ce, "Anti, saura dubu huɗu ki samu a kawo miki kyauta, in sa miki turaren wuta?" Da wuya a ce a'a, domin gara ta ba da kuɗin ta samu turare da ta ba direba.

Sai batun gari. Ni na raba shi uku: cikin Kano, garuruwan da mota ke zuwa kai tsaye kullum irin su Zariya, Kaduna, Katsina, Dutse da Abuja, sai na nesa irin su Legas da Fatakwal da Maiduguri, waɗanda adadin sayayyar da na sa musu ya fi yawa. Masu saye daga Maraɗi da Damagaram kuwa, da su nake sasantawa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya suka maƙale wata da watanni, ba zai yi alƙawarin tsallaka iyaka a rubuce ba. Haka ma nauyi: wannan tsari na mai turare ne da mai yadi da mai takalma. Mai sayar da tukwane ko katifa ko buhun kayan abinci ya nemi wata dabarar.

Kuma ki fayyace ko zuwa tasha ne ko har ƙofar gida. A nan aka fi samun rigima. Na taɓa biyan wani direba cikakken kuɗinsa, ya isa can ya ce da mai kayan ba a biya ba, ya sake karɓa a hannunta. Ta kira ni tana faɗa, kuma tana da gaskiya, domin ni na ce mata kyauta ne. Na mayar mata da kuɗinta, amma ba ta sake saye a wajena ba. Tun daga nan nake rubuta "AN BIYA KUƊIN MOTA" da babban alƙalamin maka a jikin ledar, in ɗauki hoton kayan a hannun direba tare da lambar motarsa, in tura wa mai kayan nan take. Idan kayan masu tsada ne, ina kai su kamfanin aika saƙo irin su GIG Logistics inda ake ba da rasit da lambar bibiya. Ya fi tasha tsada, amma akwai takarda a hannu.

Lambar ragi ita ce ta ƙona ni, kuma har yau ina jin zafinta. Ana saura mako biyu Sallah na ba wata mai yawan mabiya a Instagram lambar ragin kashi 20 cikin ɗari ta raba wa mutanenta. Ban sa mata ranar ƙarewa ba, ban ƙayyade sau nawa za a yi amfani da ita ba. Kafin kwana uku lambar ta shiga zaurukan WhatsApp da ban san da su ba. Tsofaffin kwastomomina, waɗanda da ma za su saya a cikakken farashi, suka fara turo ta. Mutum ɗaya ya yi oda sau huɗu da layuka daban-daban, adireshi ɗaya. Daga baya na ga mayafaina a shafin wata tana sayar da su ƙasa da farashina, ashe sari ta yi a wajena da ragin da na bayar. Na yi ciniki kamar ba a taɓa yi ba, da na zauna lissafi bayan Sallah sai na tarar uwar kuɗin ma ta taɓu.

Ban ce a jefar da ita gaba ɗaya ba. Tana da amfani a wuri biyu: ƙaramin kati a cikin kayan wadda ta riga ta saya, da lamba tata ita kaɗai don sayayya ta gaba, ko kuma ban haƙuri idan an yi wa mutum kuskure. Mai shago a Shopify ko WooCommerce, manhajojin buɗe shago a intanet, zai iya sa ranar ƙarewa, ya ƙayyade sau ɗaya ga kowane mutum, ya hana haɗa ta da wani ragin, kuma a Shopify har ana iya hana kai kaya kyauta ya hau kan kuɗin aike da ya wuce wani adadi. Wadda a WhatsApp take sayarwa, littafi ne maganinta: kowace lamba da sunan mai ita, an yi amfani da ita a soke.

Sayi biyu a ba ka ɗaya, wannan na kwantai ne, kayan da suka daɗe suna cin wuri. Rabon kyauta ga wanda ya ambato mutum goma a ƙarƙashin hotonki yana tara mabiya masu jiran banza, ba masu saye ba. Tara wa kwastoma maki kan kowace sayayya sai mai manhaja da ma'aikaci. Garaɓasar Black Friday ta watan Nuwamba ki bar wa Jumia da Konga, kakar kasuwarmu azumi ce da Sallah biyu da lokacin bukukuwan aure.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Ranar da kika sanar da garaɓasa, ba masu saye kaɗai suka ji ba, 'yan damfara ma sun ji, kuma sun san lokacin hannunki cike yake, ba ki da natsuwar dubawa.

Alat na bogi shi ne na farko. Za a turo miki hoton rasit mai tambarin banki, da sunanki da adadin kuɗin daidai, a bi shi da kira: "Don Allah a yi sauri, motar za ta tashi." Wani lokacin har saƙon tes zai shigo kamar daga banki. Kada kaya su bar hannunki sai kin buɗe manhajar bankinki ko ta OPay ko Moniepoint, kin ga kuɗin sun zauna a asusunki. Hoto ba kuɗi ba ne. Akwai kuma mai cewa ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin kayan, ki mayar masa da ragowar. Ki duba tukuna, galibi ko sisi bai shigo ba.

Kada ki taɓa haɗa kai kaya kyauta da biya idan kaya sun iso. Mutum zai yi oda don ba abin da zai rasa, kaya su isa Kaduna ya kashe waya, ki biya kuɗin zuwa ki biya na dawowa, ga kayan sun sha ƙura. In dole ne, a fara ba da kafin alƙalami.

Akwai mai zuwa a babur ya ce Hajiya wance ce ta aiko shi karɓar saƙo. Ya san sunan, ya san kayan, domin ya karanta su a ƙarƙashin hoton da kika sa, inda mai kayan ta rubuta cewa ta biya. Ki kira ta a gabansa kafin ki miƙa komai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne shafin bogi. Suna kwashe hotunanki da sanarwar garaɓasarki, su buɗe shafi da sunanki, a ƙara ɗigo ɗaya ko harafi ɗaya. Sai su bi waɗanda suka yi magana a ƙarƙashin sanarwar, su ce sun ci kyautar kaya, kuɗin mota kawai za su turo. Wasu har su ce a karanto musu lambar da aka aiko ta tes don a tabbatar da kyautar, alhali lambar shiga asusun banki ce ko ta ƙwace WhatsApp. Wata dattijuwa ta taɓa kirana tana kuka kan naira 6,000 da ta tura wa irin waɗannan da sunana. Ba ni na ci ba, amma sunana aka ɓata, kuma da ƙyar na fahimtar da ita.

Mu ma masu sayarwa akwai namu laifin. Ƙara wa kaya kuɗi ana gobe garaɓasa, a soke tsohon farashin da ba a taɓa sayarwa a kansa ba, a ce an yi ragi, algus ne, kuma mun san hukuncinsa a addini. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta haramta yaudarar mai saye kan farashi. Mata kuma suna ajiye hoton farashi a wayoyinsu, wadda ta kama ki sau ɗaya za ta faɗa wa zaure guda.

Saboda shafukan bogin nan, kowace sanarwa da zan fitar yanzu ina rubuta sharuɗɗan a jikin hoton kansa, ba a ƙasa ba, yadda ko an kwafe shi za su tafi tare: adadin da za a kai, garuruwan da abin ya shafa, cewa zuwa tasha ne, ranar da zai ƙare, da sunan da zai fito idan an sa lambar asusuna. A ƙarshen hoton kuma da jan rubutu: ba ma fara tuntuɓar kowa, ba ma karɓar kuɗin cin kyauta, kuma ba ma tambayar lambar da banki ya turo.