Sharhi kan kayan girkin farko: babban saitin tukwane ko kaya ɗai-ɗai masu ƙarko?

Duk wanda ya tashi haɗa ɗakin girkinsa na farko da kuɗi kaɗan a hannu, abin da ke fara ɗaukar hankalinsa shi ne babban kwalin nan da aka rubuta masa guda 12 ko guda 15, mai ɗauke da hoton tukwane jere masu launi ɗaya suna ƙyalli. Na yi girki da irin wannan saiti, na kuma yi da kayan da aka tsinto ɗaya bayan ɗaya, kuma hukuncina shi ne saitin bai kai kuɗinsa ba. Masu haɗa shi sukan ƙirga kowane murfi a matsayin guda, su ƙirga cokula da ludayin roba, ta yadda idan aka zube kayan a ƙasa sai a tarar tukwane uku ko huɗu ne da kasko ɗaya ko biyu, dukkansu marasa kauri, kuma rabinsu girmansu bai dace da girkin yau da kullum ba. Araha ba ta ado. Kuɗin da za a kashe a kan kwalin ya isa a sayi tukunya babba mai nauyin gindi, da ƙarama, da wuƙa ta kirki, da kasko ɗaya, da katakon yanka, waɗanda za su yi shekaru suna aiki.

Tukunya babba ita ce ta cancanci kaso mafi tsoka na kuɗin, kuma wadda na fi gamsuwa da ita ita ce mai cin lita 5 zuwa 6, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai gindi mai hawa uku. Wannan ƙarfe, wanda Harry Brearley ya samar a birnin Sheffield na Ingila a shekarar 1913, ba ya canza ɗanɗanon abinci, ba ya jin tsoron tsami, kuma yana jure gurza da wanki. Lambar 18/10 da ake bugawa a gindin wasu tukwanen tana nufin kashi 18 cikin ɗari na ƙarfen sinadarin kuromiyam ne, wanda shi ke hana tsatsa, kashi 10 kuma nikel ne, wanda ke ƙara masa ƙarko da sheƙi. Rauninsa ɗaya ne, amma babba ne: ba ya watsa zafi da kyau. Alminiyam ya ninka shi fiye da sau goma wajen saurin isar da zafi, shi ya sa tukunyar da aka yi da zallar siririn ƙarfen take ƙona abinci daidai inda harshen wuta ke taɓawa alhali gefe bai ko yi zafi ba. Masu ƙera ta kirki sukan saka faifan alminiyam a tsakanin ƙarfe biyu a gindinta, sai zafin ya bazu ko'ina kafin ya kai ga abinci. Bambancin yana bayyana ne a ranar da aka dafa shinkafa ko aka bar miya mai kauri a kan ƙaramar wuta, domin mai kaurin gindi ba ta kamu sai an yi sakaci sosai.

Ana iya gane ta tun a kanti ba tare da dogaro da sunan kamfani ba. A ɗaga ta a ji nauyin ya taru a ƙasa, a ɗora ta a kan shimfiɗaɗɗen wuri a ga ba ta rawa, a duba ko mariƙanta an kafe su da ƙusoshin da suka ratsa jikinta, domin waɗanda aka ɗaura da sukurori sukan saki bayan ɗan lokaci. Murfin ya zauna daram. Wanda murhunsa na lantarki ne mai aiki da maganaɗisu ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, idan bai manne a gindin tukunyar ba to ba za ta yi zafi a kan irin wannan murhu ba. Abu guda da ya kamata a kiyaye shi ne kada a zuba gishiri a ruwan sanyi a bar shi ya kwanta a ƙasa, saboda yana iya barin ƙananan ramuka a jikin ƙarfen; a jira ruwan ya tafasa tukuna.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, tukunyar zallar alminiyam mai kauri ba abin rainawa ba ce. Tana da sauƙin ɗauka, tana zafi da wuri, sai dai takan lotsa, kuma abinci mai tsami irin na tumatir yakan dusashe launinta ya ɗauko ɗan ɗanɗanon ƙarfe idan ya daɗe a ciki. Ƙaramar tukunya mai lita 2 ta wadatar wajen dafa ƙwai, ɗumama abinci da tafasa ruwa, kuma a nan babu laifi a sayi mai rahusa.

Wuƙa ce abu na biyu da ba na son a yi wa ƙwauro, domin babu girkin da ba ya farawa da ita. Saitin wuƙaƙe shida da ake sokewa a cikin katako yana da irin matsalar saitin tukwane, wato yawa babu inganci. Wuƙa ɗaya babba mai tsawon ruwa santimita 20 tana yanka nama, tana yayyanka albasa, tana saran kayan lambu masu tauri, faɗinta kuma yana kwashe abin da aka yanka zuwa tukunya. Wadda na daɗe ina riƙewa ita ce Fibrox ta kamfanin Victorinox, wanda Karl Elsener ya kafa a ƙauyen Ibach na ƙasar Suwizalan a 1884. Ruwanta yanko shi ake yi daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe maimakon a ƙera shi da duka, abin da ya sa ta fi takwarorinta sauƙin kuɗi da sauƙin nauyi, ƙotarta kuma ta wata roba ce mai ɗan kaushi wadda ba ta zamewa ko da hannu ya jiƙe ko ya yi maiƙo. Ba wuƙar ado ba ce, kuma ƙarfenta bai kai na wuƙaƙen Japan tauri ba, saboda haka tana buƙatar wasawa a kai a kai, amma wannan laushin ne ya sa ko sabon hannu zai iya dawo mata da kaifinta cikin mintuna kaɗan a kan dutse. Dutsen wasa wuƙa mai lamba 1000, wato mai matsakaicin kaushi, ya isa, ana kwantar da ruwan wuƙar a kansa da karkata ta kimanin digiri 15 zuwa 20. Ina jaddada wannan ne saboda dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanka mutum: sai an danna ta da ƙarfi, kuma idan ta zame daga bayan tumatir ko albasa a kan yatsa take sauka. Ƙaramar wuƙar fira ita ce cikon, kuma kowace iri ta yi.

Katakon yanka ya zama na itace ko na roba mai kauri, mai faɗin da abin da ake yankawa ba zai riƙa zubewa ba. Na gilashi da na dutse suna da kyan gani da sauƙin wanki, amma suna kashe kaifin wuƙa nan take. Idan hali ya yi a ware ɗaya domin ɗanyen nama da kaza, saboda ƙwayoyin cuta irin su salmonela suna bin katako su koma kan abin da za a ci ɗanye. Ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa yana hana shi motsi.

A kan kaskon suya ne mutane suka fi rabuwa, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Kaskon da abinci ba ya manne masa an shafe cikinsa da wani sinadari da aka fi sani da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a 1938 yana aiki da kamfanin DuPont a Amurka, daga baya injiniyan Faransa Marc Grégoire ya gano yadda za a liƙa shi a jikin alminiyam, aka kafa kamfanin Tefal a 1956. Babu abin da ya kai shi daɗin soya ƙwai da kifi mai laushi da mai kaɗan, kuma wankinsa ba ya ɗaukar lokaci. Sai dai shafin yana da iyakar rayuwa komai tsadar kaskon. Cokalin ƙarfe yana karce shi, soson ƙarfe yana cinye shi, kuma yana fara lalacewa idan zafi ya haura digiri 260 a ma'aunin Salshiyas, matakin da kasko marar komai a ciki kan iya kaiwa cikin 'yan mintuna a kan babbar wuta. Hayaƙin da yake fitarwa a wannan hali yana da illa, musamman ga tsuntsayen da ake kiwo a cikin gida. Da zarar shafin ya fara ɓarewa, kaskon ya gama aiki, babu gyara.

Kaskon baƙin ƙarfe na zubi akasin haka yake ta kowace fuska. Irin na kamfanin Lodge, wanda ke zuba ƙarfe a jihar Tennessee ta Amurka tun 1896, mai faɗin santimita 26 ya haura kilo 2, yana jinkirin ɗaukar zafi, mariƙinsa yana zafi tare da shi, kuma yana tsatsa idan aka bar shi da ruwa. Amma idan ya yi zafi yana riƙe shi, ta yadda nama mai sanyi ba ya kashe masa wuta, sai ya soyu ya yi ja maimakon ya tsatso ruwa ya dahu. Yana shiga tanda, yana hawa gas da lantarki da garwashi. Baƙin santsin da ke cikinsa mai ne da zafi ya gasa har ya daskare ya zama fata, kuma kowace suya tana ƙara masa kauri, shi ya sa yake gyaruwa da tsufa. Kulawarsa ba ta kai yadda ake tsoratar da mutane ba: a wanke shi, ko da ɗan sabulu ne, a busar da shi a kan wuta, a shafa masa mai kaɗan. Miya mai tsami da za ta daɗe tana dahuwa a kai ta tukunya, domin tana cin wannan fatar. Idan kasko ɗaya kawai za a saya, na baƙin ƙarfen nake zaɓa ba tare da shakka ba. Wanda wuyan hannunsa ba ya jure nauyi, ko wanda ƙwai ne yawancin suyarsa, ya ɗauki mai shafin, amma ya sayi matsakaicin kuɗi da sanin cewa zai sauya shi bayan 'yan shekaru.

Sauran ƙananan kaya ba sa buƙatar dogon nazari. Cokalin katako, ludayi, cokalin juyi mai faɗi, kwandon tsane ruwa, kwanukan ƙarfe biyu na haɗi, abin goga mai fuska huɗu, mabuɗin gwangwani da tsummokin goge hannu sun wadatar, kuma masu rahusarsu suna aiki daidai da masu tsada. Na'urorin da aiki ɗaya tak suke yi, irin na yanka ƙwai ko matse tafarnuwa, wuƙa tana yin aikinsu, wuri kawai suke cinyewa.

Abu ɗaya da nake ganin ya dace a fara tara masa kuɗi bayan waɗannan shi ne tukunyar matsin tururi, wadda asalinta ke komawa ga masanin kimiyyar Faransa Denis Papin a 1679. Saboda tururin ba ya fita, ruwan cikinta yana kaiwa kusan digiri 120 maimakon 100, sai wake da nama mai tauri su nuna cikin ƙasa da rabin lokacin da suka saba ɗauka, kuma abin da ake ragewa na gas ko wutar lantarki yana biyan kuɗinta a hankali. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, wake da sauran abubuwa masu kumfa kuwa rabi kawai, domin kada su toshe mafitar tururi. Kafin a saya a tabbatar ana samun robar murfinta a kasuwa, tunda ita ce ke fara gajiya.

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya rage kashe kuɗi sosai ta hanyar sayen na hannu, amma da zaɓe. Tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa da kaskon baƙin ƙarfe ba sa tsufa, ko kaskon ya yi ja da tsatsa ana gurje shi a sake gasa masa mai ya dawo, muddin bai tsage ba kuma gindinsa bai karkace ba. Kasko mai shafi da katakon yanka da tukunyar matsin tururi kuwa sababbi ya kamata a saya, domin na farkon ba a san irin zafin da ya sha ba, na biyun yana ɓoye datti a cikin sawun wuƙa, ta ukun kuma lafiyar mai girki ta rataya ne a kan mafitar tururi da robar murfin da ba a iya tantance ingancinsu da ido.