Hattara da dillalin taya mai cewa "duk sha bakwai ne"

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa a kan rubuta wannan, don ba daɗi mutum ya fito ya ce an yi masa wayo, balle wanda ya fi shekara goma yana bin hanyoyin ƙauye da mota. Amma shekaranjiya na sake cin karo da tallar dillalin tayar da ya yi mini wayon a Facebook. Ya canza sunan shafi, hotunan kuwa su ne dai, har da bidiyon da ya ja ni. Shi ya sa na ce bari in yi magana, musamman saboda masu Hilux da Prado da Land Cruiser da ke shiga daji neman abinci.

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo. Kaka na yi nakan bi ƙauyukan da ke arewa da Gumel, ta wajen Maigatari, wani lokaci har in dangana da Machina. Wanda ya san yankin ya san kwalta ba ta kai ka inda kaya suke. Yashi ne, sai fako, sai kututturen gero da ƙaya. Bara tayoyin motata Hilux suka suɗe gaba ɗaya, na je na tambayi kuɗin sababbi, na ji abin da ya sa na koma gida shiru. A cikin makon ne na ga tallar: tayoyi jere baƙi wuluk suna sheƙi, masu manyan haƙora, an rubuta wai na sahara ne, an cire su daga motocin wata ƙungiya da ta gama aiki za ta bar ƙasar. Kuɗin bai kai rabin na sabuwa ba.

Na kira shi. Mutum ne mai daɗin baki, "ranka ya daɗe" ba ta barin bakinsa. Na ce wane lamba ne tayoyin? Ya ce, "Alhaji, wilinka nawa ne?" Na ce sha bakwai. Ya ce, "To ai shi ke nan, duk sha bakwai ne, kamar don motarka aka yi su." A nan aka cuce ni, tun kafin in tura ko sisi. Sauran duk cikon zance ne: ba shi da shago sai sito, siton kuma maigidansa ya tafi da mukulli, don haka in tura rabin kuɗi mu haɗu a bakin wani gidan mai. Ya ce ƙarfe huɗu, bai iso ba sai da aka kira magariba, ya zo da mai facinsa. Kafin in idar da salla an ɗaura uku. Na haska da fitilar waya, na ga zane raɗau, na cika masa kuɗinsa har da na mai faci.

Washegari a kan kwalta sitiyari ya riƙa rawa, na ce rashin balansin ne. Da na sauka yashi na sa giyar ƙafa huɗu, wadda direbobi ke cewa ogzilari, mota ta tafi lafiya. Amma muna hawa fako sai na ji tana gurnani daga ƙasa, tana tafiya kamar an riƙe ta, na nemi cire giyar ta ƙi fita sai da na yi baya da ita wajen taku goma. Kwana na uku, da buhunan riɗi a baya, tayar baya ta hagu ta yi bindiga. Allah ya taimake mu a kan burji muke, ba gudu nake ba. Da a kan titin Haɗeja ne da wani labarin ake yi.

Wani dattijo mai faci a garin da muka lallaɓa muka kai shi ne ya buɗe mini ido. Ya sa yaronsa ya wanke gefen tayoyin da ruwa da omo, baƙin nan mai sheƙi ya bi ruwa, ashe shafe ne. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, wa ya haɗa maka wannan auren?" Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce in karanta da kaina. Na gaba biyu an rubuta 265/65 R17. Na baya biyu 265/70 R17. Dillali bai yi ƙarya ba, duk sha bakwai ne.

Ga abin da ban damu in sani ba sai ranar. Lambar farko, 265, faɗin taya ne a milimita. Ta biyu, 65 ko 70, tsayin gefen taya ne daga bakin wili zuwa inda take taka ƙasa, ana lissafa shi kashi cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe, 17, ita ce girman wili a inci, kuma ita kaɗai muke tambaya a kasuwa. Abin da take nunawa kawai shi ne ko taya za ta shiga wili, ita kaɗai ba ta faɗa maka tsayin tayar. Mai 265/65 tsayinta wajen milimita 776 ne, mai 265/70 kuwa wajen 803. A ido ba ka gani, musamman da magariba. Amma duk juyi ɗaya babbar tana cin ƙasa fiye da ƙaramar da kimanin santimita takwas, a kilomita guda bambancin ya haura juyi goma sha uku.

A motar da ƙafa biyu ke ja, wannan ba zai kashe ka nan take ba. A Hilux kuwa, da zarar ka sa ƙafa huɗu, farfelar gaba da ta baya, wato ƙarafan da ke kai wa tayoyi ƙarfin inji, sun zama abu ɗaya, dole su juya daidai wa daida. Gaba na son tafiya kaza, baya na son fiye da haka, kamar an ɗaure sa da jaki a garma ɗaya. A cikin yashi taya takan ɗan zame, sai nauyin ya sauka, shi ya sa ban ji komai ba. A kan fako ko kwalta babu zamewa, duk ƙarfin sai ya koma cikin ƙaramin giyabos ɗin da ke raba wa gaba da baya ƙarfi. Gurnanin da na ji ke nan. Da an ɗaura babba da ƙarama a aksul ɗaya, da haƙoran aksul ɗin ne za su yi ta aiki ba hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Kuɗin gyaran ɗayan waɗannan ya isa ya saya maka tayoyin da ka guje wa tun farko.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Baba ya juya tayar da ta fashe, ya sa farce a cikin zanen, ya nuna mini waya tana leƙowa. Suɗaɗɗiyar taya ce aka bi da wuƙa mai zafi aka sake yanka mata zane. Idan ka duba da rana za ka gane: layin ba ya tafiya daidai, bakinsa da kaifi, kuma 'yan tudun nan da kamfani ke sa wa a cikin kwarin zane, waɗanda ke nuna taya ta ƙare idan saura milimita 1.6, an share su. Akwai tayoyin manyan motoci da aka yi su da kaurin da za a iya sake yankawa, kuma ana rubuta hakan a jikinsu. Tayar Hilux ba ta cikinsu. Abin da aka yanke shi ne ɗan naman da ya rage tsakanin waya da ƙasa.

Sai shekaru. Kowace taya tana da layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. A ɗaya daga cikin nawa an rubuta 1413, wato mako na 14 na shekarar 2013. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, to mai facin dillali ya juya wannan gefen ciki, sai ka shiga ƙarƙashin mota za ka gani. A wata kuma an goge wurin da faifan gurza ƙarfe, ya yi sumul. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta tsattsage. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra sun daɗe suna wa direbobi faɗa a kan kada taya ta wuce shekara huɗu, kamfanonin taya kuma ko mai sassauci a cikinsu bai yarda a wuce goma ba. Tayata ta gaban dama kuma tana ɗauke da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, alamar tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, an yi ta don ƙasar da ruwa ke daskarewa. Ita na ɗauka na kai zafin Maigatari.

Na san wani zai ce ai kowa Beljiyam yake sawa. Gaskiya ne, tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a ƙasar nan kusan duk tayar da muke hawa daga waje take zuwa, kuma tsada ta sa mutane da yawa ba su da zaɓi. Ba na zagin wanda ya sayi ta hannu ido buɗe. Amma a sani cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, don haka ta ɓarauniyar hanya suke zuwa, ba wanda ya duba su. Wasu ma, har da sababbi, cusa su ake yi ɗaya cikin ɗaya don a rage kuɗin kwantena, wayar bakin taya ta lanƙwashe tun kafin ta ga titi. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan.

Akwai kuma zancen da dillalan nan ke yaudarar masu shiga daji da shi, wai babbar taya ita ce maganin yashi. Da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa yake kama mutane. Taya mai dogon gefe ta fi daɗin rage wa iska, kuma rage iska shi ne ainihin abin da ke fitar da mota daga yashi, don tayar takan baje ta hau sama maimakon ta tona. Amma manyan haƙoran nan na laka ne, a yashi rami suke haƙa maka. Kuma in ka ƙara girma mota takan rasa ƙarfi a hawa, ta ƙara shan mai, taya ta riƙa gugar jiki idan ka karya kan mota da kaya, agogon gudu kuma ya riƙa yi maka ƙarya: daga 65 zuwa 70 kaɗai, yana nuna 100 kana kan 103. Wanda ya ga dama ya ƙara girman, motarsa ce, amma ya canza duka biyar har da safaya, lamba ɗaya, zane ɗaya. Dubi Land Cruiser ɗin da ke aikin sahara, da yawansu siririyar 7.50 R16 suke hawa, ba su ce sai mai faɗi ba.

Abin haushin, amsar tana jikin motata tun ranar da na saye ta. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda da kamfani ya manna, da lambar taya da yawan iska. Tawa ta ce 265/65 R17 112S. Wannan 112 ɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 1,120, kuma mai lodin buhuna bai kamata ya karɓi ƙasa da abin da aka rubuta masa ba. In da hali ma ya nemi mai LT a jiki, gefenta ya fi kauri, ta fi jure kututture. Yanzu ko sabuwa zan saya, da rana nake zuwa, a shagon da zan iya komawa gobe, a ajiye mini su a ƙasa in karanta kowace ɗaya gefe biyu kafin a kusanci motata da jak. In mai kaya ya fara cewa sauri yake, ko a ba da wani abu kafin a gani, sai in ce Allah ya kawo kasuwa.

Na kira mutumin daga wurin Baba mai faci. Ya ɗauka, ya ce, "Subhanallahi, ranka ya daɗe, bari in yi wa maigida magana." Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. A sabon shafin nasa ya daina cewa ƙungiya, yanzu wai kamfanin haƙar ma'adinai ne ya rufe. Bidiyon dai shi ne, tayoyi jere a jikin bango mai shuɗin fenti, da wata jarka rawaya a gefe.