Rimot mai igiya ko mara igiya: wanne ya fi dacewa da zanen haske?

Ɗan'uwa, ka ce kana son fara zanen haske da tocila cikin dare, wato ka bar idon kyamara a buɗe kana yawo da haske a gabanta har ya fito a hoto kamar zane, kuɗin hannunka kuma na rimot ɗaya ne, shin mai igiya za ka saya ko mara igiya. Na yi aiki da duka biyun a nan Zariya.

Yawancin kyamarori ba sa barin idonsu a buɗe fiye da daƙiƙa 30 sai ka juya zuwa B, wato saitin da ido ke zama a buɗe muddin kana danne da maɓalli, kuma a nan rimot ke da rana, domin yatsa a kan maɓalli sai ya girgiza hoton. In aikinka bai wuce daƙiƙa 30 ba, riƙe kuɗinka, jinkirin daƙiƙa 2 ko 10 da ke cikin kyamarar ya isa.

Mai igiya ba ya ba da kunya. Ka danna, ka tura makullinsa, ido ya zauna a buɗe har ka sake shi, kuma na sauƙin ko batir ba ya ci. Da shi nake ɗaukar fitilun motoci a Kwangila, ja da fari suna jan layi kamar zare. Aibinsa gajarta: igiyar RS-60E3 ta Canon santimita 60 ce kacal. Ni kuwa mai zane ina can gaban kyamara. Wani dare a gindin Kufena na gama shafa wa wani dutse haske, na juyo cikin duhu don in rufe idon kyamara, na yi tuntuɓe, tocilar ta haska gilashin kyamarar kai tsaye. Aikin minti huɗu ya tashi a banza, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Mara igiya iri biyu ne, kada mai shago ya haɗa maka su. Akwai mai aiki irin na rimot ɗin talabijin, wanda bai wuce kamar mita 5 ba, kuma dole ka saita shi da kyamara. Wannan ban ba ka shawara ba. Mai amfani da zangon rediyo shi ne na zane: yana aljihunka, ka buɗe daga nesa, ka kashe tocila, ka rufe kana tsaye a wurinka. Sai dai batir biyu yake ci, na hannu da na jikin kyamara, don haka riƙe na canji.

Kowanne ka ɗauka, kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, fara da ISO 100 (ƙarfin jin haske na kyamara) da f/8 (girman ƙofar da haske ke shiga), ka daidaita gani da hannu, ka sa baƙaƙen kaya. Hazon hunturu kuma yana watsa haske, ka rage ƙarfin tocila.

In kana da ƙane ko aboki da zai tsaya bayan kyamara, sayi mai igiya, sauran kuɗin ka nemi tocila mai kyau. Haka mai ɗaukar hoto Gjon Mili ya tsaya bayan kyamara a 1949, shahararren mai zane Picasso na zana hoto a iska da ɗan ƙaramin haske. Dama fita wajen gari da dare kai kaɗai ba shawara ba ce. In kuwa a tsakar gida za ka riƙa yi kai ɗaya idan an ɗauke wuta, to mai rediyon za ka saya.