Shatar motar da ta kai Baba Saje Anacha

Jama'a bari in yaba wa direban nan na tashar garinmu ta wajen Ringim, wanda muka ɗauki shatar Sharon ɗinsa muka kai kakanmu kudu. Baba Saje tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa 1967 zuwa 1970 a runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala, kuma shekara da shekaru yana nacin sai ya sake ganin bakin kogin Neja a Asaba inda jiragen ruwansu suka nutse lokacin da suka yi ƙoƙarin tsallakawa Anacha a Oktoban 1967.

Gaskiya direban nan akwai haƙuri, tafiyar kwana biyu ta Abuja da Lokoja, tsoho yana cewa a tsaya fitsari a tsaya sallah a tsaya ya miƙe ƙafa, ko tsaki bai yi ba, "to Baba" kawai. Da muka isa Baba ya tsaya shiru yana kallon ruwa ya fi rabin awa, sai lissafo sunayen abokansa yake, shi kuma bawan Allah ya kashe mota ya je ya siyo masa ruwan sanyi da kuɗinsa. Sabuwar gadar kogin ma ya bi da mu, Baba yana ta mamaki.

Inda na ga laifinsa, esi ba ta aiki kuma bai faɗa mana ba sai da muka wuce Zariya, ga waƙa da ƙarfi. Kuɗin ma da ɗan tsada amma mai ya yi tsada ai. Umuahia zai kai mu gidan tarihin yaƙi bayan girbi in Allah ya kai mu.