Man zaitun da khal ko kakin zuma: wanne ya dace da kujerar fata?

Ɗan'uwa, ka ce fatar kujerun motarka ta fara bushewa, har gefen kujerar direba ya soma tsattsagewa, kuma an ba ka haɗi biyu: man zaitun da ruwan khal, ko kakin zuma da aka narka da mai. Kana son sanin wanne za ka ɗauka.

Kafin ka haɗa komai, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan kujerar, ka ba shi minti 2. In ya tsaya a sama bai shige ba, fatarka mai rufi ce, an yi mata launi sannan an bi ta da siririn lulluɓin roba da ake kira foliyuretan. Yawancin motocin yanzu haka suke. In kuwa ya shige har wurin ya yi duhu, buɗaɗɗiyar fata ce mai shan mai.

Haɗin zaitun da khal ya fi sauƙi, kuma kana shafawa za ka ga kujera tana sheƙi. Wannan sheƙin ne ke yaudarar mutane. A fata mai rufi man ba ya shiga, sai ya kwanta a sama yana kama ƙura, kai kuma kullum kana zama kana goga ƙurar da wandonka, tana cin rufin a hankali. Wanda ya samu hanya kuwa ta bakin ɗinki yake bi ya gangara cikin soso, inda hannunka ba zai ƙara kai masa ba. Man zaitun yana lalacewa in ya daɗe a iska da zafi, ga mota a rufe cikin rana, bayan wasu watanni sai warin tsohon mai ya tashi. Shi kuma khal, tsaminsa a ma'aunin pH wajen 2.5 ne, ita fata tana wajen 5, wato khal ya fi ta tsami sosai. Sau ɗaya ba zai yi ɓarna ba, amma yawan shafa shi yana dusashe rufin. Gaskiya ina jin takaici in na ga kujera mai kyau ta lalace ta wannan hanya, alhali gyara mai ita ya yi niyya.

Kakin zuma ya bambanta. Ba ya wari, ba ya gudu, sai zafi ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Abokin haɗinsa da na fi yarda da shi man jojoba ne, wanda ake matsowa daga ƙwayar wani tsiro mai wannan suna, don shi ma a asali kaki ne mai ruwa, yana daɗewa bai lalace ba. Kashi 1 na kaki, kashi 4 na jojoba, ka sa a kwano ka ɗora cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, ka juya har su haɗu, ka bari ya huce. Kada ka musanya da man kwakwa, yana daskarewa ƙasa da digiri 24 ya bar fari-fari.

Kakin zuman ma yana da nasa aibin. Yana toshe ƙananan hudojin kujeru masu fitar da iska, yana ƙara wa buɗaɗɗiyar fata duhu, in ka cika shi kuma kujera ta yi danƙo.

Ni dai kakin zan ɗauka, amma kaɗan. Fara goge kujerar da tsumma mai laushi da ruwa mai ɗan sabulu marar ƙarfi, ka bari ta bushe, don a fata mai rufi wannan gogewar ta fi shafa haɗin amfani. Gwada haɗin a ɓoyayyen wuri ka jira kwana ɗaya. In launi bai canja ba, lakaci kaɗan ka murza, bayan minti 15 ka bi da busasshen tsumma. Kada ya taɓa sitiyari, yana sa santsi. Inda ya riga ya tsage kuwa mai ba zai haɗe shi ba, wannan aikin mai gyaran kujeru ne.